Kan Tarwaɗa a Cikin Langa

Ga ta nan, ga ta nanku, ƙafarta duk laka.
Ta shigo da lakarta, mu ji ta.

Wata mata ce ake kira Mai Agwagi. Ba wai ba ta da suna ba, tana da shi, amma tun tana budurwa duk inda aka hango ta sai an ga agwagi jere a bayanta suna tafiyar nan tasu ta ƙasaita, shi ke nan sunan ya manne mata har ta yi furfura. Ubanta manomi ne, filinsa ɗaya tal, mai gangare. A sama tudu ne inda ake shuka albasa da tumatir da barkono, a ƙasa kuma ɗan tafkin kifi da ya haƙa da hannunsa. Shekara ashirin da wani abu ita ke bin sa a filin nan. Ko da ta yi aure ba ta yi nisa ba, don mijinta kafinta ne, ya zo ya kafa rumfarsa a saman tudun, yana aikin katako tana aikin laka.

Tana da ƙane guda, Auta, direban babbar mota. Ya san hanya, ya san inji, amma kifi bai san shi ba sai a faranti.

Da uban ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ga Auta ya dawo da jakarsa da ciwon baya. Baffansu ne ya raba musu filin, tsoho mai kirki wanda ya fi son a zauna lafiya a kan a bi gaskiya. Auta ya kwana uku yana zuba masa daɗin baki, wai tuƙi ya kashe masa ƙugu, ba zai iya hawan tudu ba. Baffa ya ɗauko igiya ya ja ta a bakin ruwa, ya ce daga nan zuwa sama na babba, daga nan zuwa ƙasa na ƙarami. Tafki ya zama na Auta ke nan. Ita kuwa ta tashi da tudu da duwatsunsa, da wata tsohuwar bishiyar ɓaure da ta kasance a ɓangarenta da taku ɗaya.

Ta haɗiye wannan. Ta ce ba komai, ɗan'uwa ne. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne zancen Dattijuwa.

Dattijuwa wata tarwaɗa ce, tsawonta ya kai hannun mutum daga kafaɗa zuwa yatsu, gashin bakinta kamar na tsohon ɗan sanda. Shekararta goma sha ɗaya a tafkin. Da safe in Mai Agwagi ta buga gindin kwano, sai ta taso ta karɓi dusa a tafin hannunta. Uban bai taɓa yarda a kama ta ba, ita da 'yan'uwanta tarwaɗu biyar. Cewa yake yi su ne masu gadi, don karfasa haihuwa gare ta ba ji ba gani, in ba a samu mai rage 'ya'yan ba sai su cika ruwa kowa ya tsumbure.

To, mako guda da raba fili Auta ya gayyato abokansa direbobi, suka ja raga suka kwashe tarwaɗun kaf. Da la'asar sai ga shi ya hau tudun nan da ya ce ba zai iya hawa ba, riƙe da langa a rufe.

"Yaya, ga rabonki. Na ce kai na babba ne."

Ta buɗe. Kan Dattijuwa ne, soyayye, gashin bakin ya ƙone ya nannaɗe. Ta ɗago ta dube shi.

"Kun ci da daɗi?"

"Wallahi Yaya, har yatsu muka lashe. Ashe Baba ajiya ya yi mana."

"Madalla," in ji ta, ta mayar da murfi. "Na gode. Zan saka maka."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta cire naman a hankali ta binne a gindin ɓaure, ta wanke ƙashin kan tas, ta rataye shi a ƙusa a rumfar mijinta yana fuskantar tafki. Langar kuwa ba ta mayar ba.

Kafinta ya ɗago daga kan bencinsa. "Baiwar Allah, kifi ne fa."

"Na ce maka raƙumi ne?"

"Me za ki yi masa?"

"Ni? Ko ɗigon ruwansa ba zan taɓa ba, Maigida. Nawa kawai zan gyara."

Abin da Auta bai sani ba, ita ta sani tun tana yarinya: tafkin nan ba rami ne kawai da ruwa ba. Daga tudu yake ci, daga tudu yake sha, daga tudu yake samun inuwa. Baffa ya ba shi kwanon, amma abin da ke cika kwanon yana sama da igiya.

Da agwagi ta fara. Su goma sha huɗu ne, kullum da hantsi suke gangarawa su wuni a ruwa, suna tsinke kainuwa, suna tsince katantanwa, kashinsu kuma shi ke haifar da 'yan mitsi-mitsin halittun da karfasa ke ci. Ta sa Kafinta ya haɗa musu keji da ragowar katako, ta kulle su. Kwana uku suna kuka suna leƙen ruwa ta tsakanin katako, abin har ya so ya taɓa mata zuciya, sai ta dubi ƙashin da ke kan ƙusa ta juya baya. Kafin wata ya cika kainuwa ta shimfiɗe kan tafki kamar tabarma, katantanwa sun yi ta yawo ba mai ce musu kanzil.

Auta ya shiga ruwa har ƙugun nan nasa da ya mutu, yana jan kainuwa da manjagara. Ya ɗaga murya.

"Yaya! Agwaginki fushi suke yi da ni?"

"Mura suke yi," ta amsa daga sama. "An hana su wanka."

Ya kwashe kainuwar tsaf, ruwa ya buɗe ya fuskanci sama. Shi ne daidai abin da take jira, don zafi ya kusa.

Ɓauren nan rassansa sun miƙe har tsakiyar tafki. Daga azahar zuwa yamma rabin ruwan a inuwa yake, da sanyinsa. 'Ya'yan ɓaure su faɗo, ƙwari su faɗo, kifi ya samu na taɓawa, zalɓe kuma ya zo ya yi ta leƙe bai ga komai a duhun ganye ba. Ta ce wa Kafinta ya ɗauko zarto. Ya ce shi katakon da ya mutu yake yankawa. Ta ɗauki zarton da kanta, ta ɗaure zani tamau, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, ta hau. A kan reshe na farko ta tarar da ƙusar da ubanta ke rataye butarsa, ta yi tsatsa, itacen ya kusa haɗiye ta. Hannunta ya tsaya cak. Sai ta ji dariyar Auta can ƙasa shi da wani abokinsa, ta ɗora zarto ta fara ja.

Auta ya rugo da ya ji faɗuwar reshe. "Yaya, Baba ne fa ya shuka ta!"

"Dattijuwa ma Baba ne ya rene ta. Matsa, kar ya faɗo maka a baya."

Rassan da suka kalli ruwa kaɗai ta sare, ta jawo su sama da igiya ta tara. Ba wanda zai ce ta taɓa abin wani.

Rana ta samu tafki ba mayafi. Ruwa ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, gansakuka ta taso ta mai da shi kore shar. Da sassafe sai ka ga karfasa sun taso sama da ɗaruruwansu, 'yan ƙanana ƙanana da ba su fi yatsa biyu ba don yawa ya tsumburar da su, kowacce baki buɗe. Mai Agwagi ta san ciwon. Ruwan zafi ba ya riƙe iska, numfashi suke nema. Da ubanta ne, da ya daina ba su abinci ya shiga yana kaɗa ruwan da reshe.

Auta ya zo bakin igiya yana sosa ƙeya. Ran nan muryarsa ta sauka.

"Yaya, don Allah, me ya sa suke buɗe baki haka?"

Ta dube shi. Fuskarsa ta yi baƙi da rana, ya rame, ya koma mata kamar lokacin da take goya shi. Maganar gaskiya ta taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye ta.

"Kai da ka san inji, in mota tana tari tana shaƙewa, me kake yi mata?"

"Mai nake ƙara mata."

"To," in ji ta, ta ci gaba da cire ciyawa.

Ya tafi da murna ya juye musu dusa daro biyu. Washegari ya ƙara. Dusar ta nutse ta ruɓe a ƙasa, ruɓar ta shanye 'yar iskar da ta rage. Zalɓe kuwa suka ji labari, suka zo suka jeru a gefe kamar masu jiran mota a tasha, kowa ya miƙa wuya ya zaɓa. Ita tana daga tudu tana kallon matattun kifi suna tasowa da fararen cikinsu ɗaya bayan ɗaya, tana jin wani sanyi a ƙirjinta.

Sai dai kifi yana da taurin rai. Zafi ya fara ja da baya, hadari ya fara haɗowa, har yanzu akwai masu motsi a ruwan. In damina ta sauka tafki zai huce, ya farfaɗo. Wannan ya hana ta sukuni.

Saura abu ɗaya. Ubanta ya jera duwatsu layi bakwai a gicciye daga saman tudu zuwa ƙasa, bayan kowane layi ya dasa wata ciyawa mai dogon saiwa. In ruwan sama ya taho a guje sai ya ci karo da dutse ya tsaya, ya sauke ƙasar da ya ɗauko, ya nutse, can ya ɓullo a tafki garai-garai. Ta ɗauko baro ta fara kwashe su. Kwana goma sha biyu tana yi. Ta tumɓuke ciyawar ta shanya, duwatsun kuma ta gina wa agwagi katanga da su, don kejin katako ya fara sakin jiki.

Kafinta mutum ne da ba ya son magana, amma ran nan ya ajiye guduma ya fito.

"Baiwar Allah, tsaya. Duwatsun nan ba tafki kaɗai suke tsaro ba. Ƙasar da kike tsaye a kai, wa kike zaton ya riƙe ta?"

"Ƙasata ce. Ta san ni, ba inda za ta."

"Ƙasa ba ta san kowa ba, gangare ta sani."

"Koma kan katakonka, Maigida."

Ta ji shi sarai. Amma mai fushi kunnensa a waje yake, ba ya kai saƙo ciki.

Ruwan farko da rana tsaka ya sauka, mai ƙarfi. Ta tsaya a bakin rumfa tana kallo. Ruwa ya taho daga sama bai samu mai tare shi ba, ya zubo gaba ɗaya, da fari baƙi, can ya koma ja. Ya faɗa tafki da ƙara. Kafin la'asar ruwan tafkin ya zama kamar kwaɓin gini. Sau uku aka yi haka cikin mako guda. A na ukun babu sauran abin da ke motsi, sai wari da ƙudaje, ga Auta zaune a gefe ya ɗora hannu a ka.

Ta sauko da ƙashin kan Dattijuwa, ta goge masa ƙurar katako da gefen zaninta.

"An rama miki," ta ce.

Daga nan ta juya ta dubi tudunta.

Kwazazzabai ne suka tsage shi daga sama har ƙasa, wani har gwiwa. Baƙar ƙasar nan mai laushi da suka shekara ashirin suna ciyarwa da kashin agwagi da ruɓaɓɓen ganye, babu ita. Sai jar marmara mai tauri da fartanya ke tsalle a kai. Saiwar ɓaure ta fito fili kamar jijiyoyin hannun tsoho. Ta yi shuka duk da haka, tsiro ya leƙo ya yi rawaya ya kwanta. Kafinta bai ce mata na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi mata sauƙi a kan yadda yake goge katako yana 'yar waƙa a hanci.

Damina ta wuce, sai ga abin da ya kusa kashe ta a tsaye. Tafki ya cike ya zama wani faffaɗan faranti na baƙar laka mai riƙe danshi, ga ƙashin kifi a ciki, ga ruɓaɓɓiyar dusa, ga ƙasarta. Ba wanda ya shuka komai, sai kore ya fara fitowa. Tumatir ne da barkono da kabewa, irinta ne da ruwa ya tafi da shi. Auta, mutumin da bai iya bambance tsiro da ciyawa ba, ya wayi gari da lambun da ba a taɓa ganin irinsa a wurin ba. Kwaɗi suka koma can, ƙudan zuma suka koma can, har tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ta yi ƙaura ta bar ta.

Wata safiya ya hau tudu da kwandon tumatir.

"Yaya, ga rabonki. Langata kuma, in an gama da ita."

Ko ba'a yake yi ko sulhu ya zo nema, shi kansa ƙila bai tantance ba. Ita dai ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu. Mai tsaga-tsagar nan ne, irin da ubanta ya bar mata a ƙulle a tsumma. Ta ajiye, ta ɗauki mayafi ta je ta taso Baffa.

Baffa ya zo yana dogara sanda ya tsaya inda ya ja igiya.

"'Yar nan, me kuma ya faru?"

"Ƙasata nake so, Baffa."

"Ai ga tudunki nan, wa ya taɓa shi?"

"Tudun ne ya rage. Ƙasar tana cikin tafkinsa."

"Ni na aika a kira ta?" in ji Auta, da ya taso daga lambunsa. "Da ƙafarta ta zo. Kuma kin kashe min kifi, Yaya. Kar ki ga ban yi magana ba, na daɗe da ganewa. Mota mai tari! Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina."

"Kai ka soye min Dattijuwa."

"Kifi ne fa!"

"To naka ma kifi ne."

Baffa ya dubi wannan ya dubi wancan. Neman hanyar komawa inuwa kawai yake yi. Ya ce in an gama tsinkar tumatir, duk ƙasar da ta iya ɗauka a kanta ta hau da ita, tata ce. Ban da baro, ban da 'yan taya aiki. A zatonsa za ta yi kwana biyu ta gaji. Bai san 'yar wansa ba.

Ranar farko daro ashirin ta hau da shi ta juye a saman tudu. Kafinta ya leƙo ya dubi tarin.

"Sannu da aiki. Ruwan farko za ta koma wurin Auta, ta riga ta san hanya."

Ta tsaya da daro a hannu tana huci. Gaskiya ya faɗa. Sai duwatsu sun koma wurinsu, duwatsu kuwa suna jikin katangar agwagi. Ta je ta sa hannu ta fara rushewa. Agwagin nan da suka kusa shekara a kulle, suna ganin ƙofa suka fito da gudu, wuya a miƙe, suka gangara neman tafkinsu. Ba su tarar da ruwa ba, suka tarar da latas ɗin da Auta ya dasa a gefe guda, ya yi lif-lif.

"Yaya! Agwaginki! Yaya!"

"Sun warke daga mura," ta ce, ta zauna a kan dutse ta yi dariya har da hawaye, dariyar farko tun ranar langa.

Rani guda tana ɗiba. Wuri ɗaya ta zaɓa, ƙarƙashin ɓaure inda Dattijuwa ke kwanciya a da, don nan ƙasar ta fi baƙi, kuma ta san nan Auta ya fi so. Kullum rami na ƙara zurfi tana jin daɗin ta rage masa lambu. Layi huɗu na duwatsu ta iya mayarwa kafin hadari, ta sake dasa ciyawar a bayansu. Da aka yi ruwa, ya sauko a hankali, ya tsaya, ya nutse, ya ɓullo garai-garai ya cika ramin da ta haƙa.

Agwagi suka faɗa ciki. Kwaɗi suka biyo. Bayan mako biyu ta hango Auta da bokiti, ya durƙusa yana sakin 'ya'yan karfasa, har da 'yan tarwaɗu biyu. Bai dubi tudu ba.

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi rani guda tana yi. Ta juya ta ga Kafinta ya kifa kai a kan benci, kafaɗunsa na rawa.

"Yi dariyarka," in ji ta. "Ban gama da shi ba."

Baffa ya rasu a shekarar da ta biyo, bai sake ja wa kowa igiya ba. Auta ya zauna da rabin lambu da rabin tafki, bai ƙara sa wa tarwaɗa raga ba, bai kuma ƙara tambayar yayarsa komai a kan kifi ba, sai dai ya laɓe ya ga yadda take yi. Ɓaure ya tofo ta gefen ruwa amma ya karkace, inuwarsa ba ta kai ta da ba. Kafinta yana nan a rumfarsa da ƙashin kai a kan ƙusa. Tudu ya dawo yana ba da rabin abin da yake bayarwa, layi uku na sama har yanzu marmara ne. Mai Agwagi ta samu ciwon wuya da bai sake ta ba, tana ɗibar daro biyar kullum, kuma da safe takan tsaya a ɓangarenta na igiya ta buga gindin kwano, ɗaya daga cikin tarwaɗun Auta ta taso ta ci a hannunta. Langar tana ɗakinta, tana zuba irin tumatir a ciki.